Kakar besbol ta 1908: kwamfuta ta ba Giants, tarihi ya ba Cubs

Malam Habibu (Kano):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na gama kwaikwayon kakar 1908 da na yi muku alkawari. Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: manhaja ce ake loda wa alƙaluman kowane ɗan wasa na wannan shekarar, haɗe da jadawalin wasannin na ainihi, ita kuma ta buga su ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyoyi 8 a National League, 8 a American League, wato manyan lig biyu na besbol a Amurka, kowacce da wasa 154 a jadawali.

Yadda aka tashi a zahiri a National League: Chicago Cubs sun ci 99 sun faɗi 55. New York Giants da Pittsburgh Pirates kowacce ta ci 98 ta faɗi 56. Wasa ɗaya tak ya raba ƙungiyoyi uku. A kwamfutata kuwa Giants ne suka ɗauka, kuma tun da sauran kwanaki a rufe kaka magana ta ƙare. Cubs suka zo na biyu, Pirates suka yi baya sosai. Christy Mathewson, mai jifan Giants, bai kai nasara 37 da ya samu a zahiri ba, amma shi ne dai gaba da kowa. Fred Merkle kuwa, da ƙyar na ga sunansa.

Ni dai abin ya ƙara mini yaƙini a kan abin da na daɗe ina faɗa: ƙwace aka yi wa Giants a 1908.

Nafi'u:
Wa alaikumus salam. Malam, a yi mini afuwa, ni sabon shiga ne a wasan nan. Wane ƙwace? Kuma wane ne Merkle?

Baba Alhasan (Bronx):
Ɗana Nafi'u, bari in ba ka labarin, don wurin da abin ya faru ba shi da nisa da ni. Filin Giants na wancan zamani, Polo Grounds, yana can saman Manhattan, bakin kogin Harlem. Ya ƙone a 1911 aka sake gina shi, sannan aka rushe shi a 1964, yanzu dogayen gidajen haya ne a wurin.

Ranar 23 ga Satumba, 1908, Cubs suka zo New York. Mathewson ke jifa wa Giants, Jack Pfiester wa Cubs. Aka kai zagaye na tara, na ƙarshe, ana 1 da 1. Giants ke bugu, an fitar musu da mutum biyu, saura ɗaya. Moose McCormick na tsaye a zango na uku, Merkle a zango na ɗaya (zango su ne wuraren tsayawa uku da ɗan wasa ke bi kafin ya dawo gida ya ci maki). Shi Merkle yaro ne ɗan shekara 19, kuma ranar ce karon farko da aka fara wasa da shi a kakar, don Fred Tenney mai wurin ya tashi da ciwon baya. Sai Al Bridwell ya buga ƙwallo ta ratsa tsakiyar fili, McCormick ya shigo gida. Kowa ya ɗauka an gama, 2 da 1. 'Yan kallo suka ɓarke cikin fili. Merkle da ya ga taro ya nufo shi, bai ƙarasa zango na biyu ba, ya karkata ya nufi ɗakin sauya kaya.

To ga dokar. Idan mai bugu ya buga ya nufi zango na ɗaya, wanda ke tsaye a can dole ya matsa zuwa na biyu. In aka riga shi kai ƙwallo wurin, ya fita. In kuwa shi ne na ukun da aka fitar, makin da aka ci a wannan bugun ba ya shiga lissafi. Johnny Evers na Cubs ya san haka. Cikin turmutsitsin nan ya yi ta ihu a jefo masa ƙwallo, ya samu wata, ya taka zango na biyu. Har yau ana gardama ko ƙwallon wasan ce ko wata ce daban, don akwai masu cewa Joe McGinnity na Giants ya wurgar da ta ainihin cikin 'yan kallo. Alƙalin wasa Hank O'Day ya ce Merkle ya fita. Fili ya cika da mutane, duhu ya kawo jiki, ba fitilu a lokacin, aka bar shi kunnen doki.

Da kaka ta ƙare Cubs da Giants kowacce na da 98 da 55, sai aka sake wasan ranar 8 ga Oktoba a fili ɗaya. Cubs suka ci 4 da 2.

Malam Habibu (Kano):
Allah ya saka da alheri, Baba. Nafi'u, yi lissafin da kanka. A ba Giants wasan 23 ga Satumba kamar yadda duk wanda ke filin ya gani da idonsa: Giants 99 da 55, Cubs 98 da 56. Shi ke nan, babu wasan 8 ga Oktoba. Kuma abin da Merkle ya yi al'ada ce ta lokacin, 'yan wasa da yawa haka suke yi in an ci makin ƙarshe, ba a saba hukunta kowa ba. Sai ranar da ta fi kowace rana tsada aka tuna da doka?

Auwalu (Chicago):
Yaya Habibu, da girmanka, ba ranar aka tuna ba. Ranar 4 ga Satumba, kwana 19 kafin nan, irin wannan ta faru a Pittsburgh. Warren Gill na Pirates bai taka zango na biyu ba, Evers ya kai kuka wurin alƙali, kuma alƙalin O'Day ne dai. Ranar bai ba Cubs gaskiya ba, Pirates suka tafi da nasararsu, amma Cubs sun shigar da ƙorafi, jaridu sun buga. Duk manajan da ke bin labarin abokan hamayyarsa ya ji. John McGraw, manajan Giants, yana da mako kusan uku ya tara yaransa ya ce kowa ya taka zango kafin ya gudu.

Sannan ka duba abin da ya biyo baya. Kwana biyu bayan rikicin, Cincinnati ta doke Giants sau biyu a yini guda. Harry Coveleski na Philadelphia, matashin da ba a san shi ba, ya doke su sau uku cikin kwana biyar. Ɗaya kawai suke buƙata daga cikin waɗannan. Ranar 8 ga Oktoba kuma a gidansu aka yi, da Mathewson a hannunsu, su suka fara cin maki. Pfiester ya rikice tun zagayen farko, aka sako Mordecai Brown, mutumin da injin gona ya cinye wa yatsa yana yaro, ya riƙe su har ƙarshe. Joe Tinker na Cubs ya buga wadda ta tsallake kan Cy Seymour na Giants, Cubs suka ci huɗu a zagaye na uku. Ina ƙwacen yake?

Malama Rakiya (Damagaram):
Ni ba ruwana da Cubs ko Giants, lissafi nake koyarwa, kuma ta nan zan shigo. Malam Habibu, sau nawa ka buga kakar?

Malam Habibu (Kano):
Sau ɗaya, Malama. Wasa-wasa na bi ta, ina duba sakamakon kowace rana.

Malama Rakiya (Damagaram):
To nan gizo ke saƙa. Ɗauki ƙungiyar da ƙarfinta na gaskiya shi ne ta ci kashi 64 cikin ɗari na wasanninta, kamar waɗannan ukun. A wasa 154 ana sa ran ta ci 98 ko 99. Amma in ka lissafa yadda sa'a kaɗai ke jujjuya sakamako, za ka samu kusan wasa 6 sama ko ƙasa. Wato wannan ƙungiyar, ba a sauya mata ko mutum ɗaya ba, bana ta ci 93, baɗi ta ci 104, kuma ba abin mamaki a ciki. A kaka ɗaya cikin uku ma sai ta fita daga wannan iyakar.

Saboda haka tazarar wasa ɗaya da tarihi ya nuna ba ta tabbatar Cubs sun fi ƙarfi ba. Haka nan tazarar da kwamfutarka ta nuna ba ta tabbatar Giants sun fi ba. Jifa ɗaya tarihi ya yi, jifa ɗaya kai ma ka yi. Ka bar na'urar ta buga kakar sau dubu ba tare da ka kalla ba, sannan ka kawo mana sau nawa kowacce ta ɗauka. Ina kyautata zaton za ka ga Giants a gaba, amma Cubs za su ɗauka sau da yawan da zai ba ka haushi.

Malam Habibu (Kano):
Na karɓi batun sau dubu. Amma kin ce da bakinki za a ga Giants a gaba, kuma akwai dalili. Bill James, masanin alƙaluman besbol, ya fito da wani ma'auni: ka ninka makin da ƙungiya ta ci da kansa, ka raba da jimillar wannan da ninkin makin da aka ci ta, sai ya ba ka kason wasannin da ya kamata ta ci. A 1908 Giants sun fi kowa cin maki a National League, kuma ratar da ke tsakanin abin da suka ci da abin da aka ci su ta fi ta Cubs. Pirates kuwa sun ci wasanni fiye da yadda makinsu ya nuna, shi ya sa kwamfuta ta mayar da su baya. Wannan ba sa'ar jifa ɗaya ba ce, aikin wata shida ne.

Malama Rakiya (Damagaram):
Ban musa ba. Sai dai ka lura da abin da kake ciyar da na'urar. Alƙaluman da ka loda mata daga ina suka fito? Daga kakar da kake son yi wa gyara. Honus Wagner na Pirates ya samu bugu mai kyau sau 354 cikin dubu a shekarar da matsakaicin lig ɗinsa 239 ne. Kwamfuta ta ɗauki 354 ɗin a matsayin ainihin gwanintarsa, alhali shi ma sakamako ne, da rabon sa'a a cikinsa. Haka kowane ɗan wasa. Duk ƙungiyar da 'yan wasanta suka yi shekara mai kyau a kan takarda, kwamfuta za ta riƙa fifita ta har abada. Abin da take amsawa shi ne: in aka sake damawa da waɗannan alƙaluman, wa zai fito? Ba ta amsa wa ya cancanta.

Injiniya Kabiru:
Sannunku. Ni tambayata ta saiti ce. Malam Habibu, yaya ka yi da masu jifa? Wannan zamanin ne ake kira na mataccen ƙwallo. Ƙwallo ɗaya ake ta bugu har ta yi baƙi ta yi laushi, mai jifa na da damar shafa mata yawu, ba a hana ba sai 1920. Wanda ya fi kowa tsallakar da ƙwallo ya zagayo gida a National League a 1908 shi ne Tim Jordan na Brooklyn, sau 12. A American League Sam Crawford, sau 7. Chicago White Sox gaba ɗayansu sau 3 a kaka guda, ɗaya ma mai jifansu Ed Walsh ne ya buga. Shi Walsh ɗin ya yi jifa zagaye 464, ya ci wasa 40. Manyan masu jifa na yau da wuya su kai rabin wannan aikin.

Malam Habibu (Kano):
Nan ne na sha wahala, Injiniya. In ka bar manhajar a yadda take, sai ta riƙa cire mai jifa da wuri tana sako wani, irin na yau. Sai da na rage ma'aunin gajiya sosai kafin Walsh ya kusanci aikin da ya yi a zahiri. Da na rage kuma, sai kowa ya zama Walsh, har waɗanda ba su da wannan jikin.

Injiniya Kabiru:
Ka ga matsalar ke nan. Gajiya ita ce rabin labarin 1908. McGraw ya matse Mathewson a makonnin ƙarshe saboda sauran masu jifansa ba su riƙe ba, kuma wanda ya hau ranar 8 ga Oktoba gajiyayye ne. Ka kashe gajiya, ka ba Giants Mathewson sabo fil kowace rana. Ba mamaki su ɗauka da wuri.

Ga wani abu kuma. Alƙaluman shekarar ba cikakku ba ne. Ana rubuta wanda ya saci zango, ba a rubuta wanda aka kama yana sata, a zamanin da sata ke cikin manyan hanyoyin cin maki. Matsakaicin makin da ake ci wa mai jifa bai zama lissafin hukuma ba sai 1912 a National League, 1913 a American League, daga baya aka koma aka ƙirga na baya. Masu sa kai na Retrosheet sun yi babban aiki wajen tono bayanan tsofaffin wasanni daga jaridu, amma abin da ba wanda ya rubuta, manhaja cike gurbi kawai take yi da kintace. Tun zamanin wasannin kati da dayis irin su APBA na 1951 da Strat-O-Matic na 1961 wannan matsalar take.

Malam Isiyaku:
Jama'a, ina bin ku tun ɗazu, kuma akwai abin da ke damuna. Duk maganar nan "da a ce" ce. Da a ce yaron ya taka zango, da a ce kaza. An hore mu da barin irin wannan, mu ce Allah ya ƙaddara, abin da ya so ya aikata. Kada sha'awar wasa ta ja mu inda bai dace ba.

Malam Habibu (Kano):
Allah ya gafarta Malam, na gode da tunatarwa. Yadda na fahimta, abin da aka hana shi ne mutum ya riƙa cizon yatsa yana jayayya da ƙaddara a kan abin da ya same shi. Mu nan ba kuɗi muka sa ba, ba caca, ba kuma cewa muke abin da ya faru bai kamata ya faru a ilimin Allah ba. Nazari muke mu gane wane ɓangare na sakamako ƙwarewa ce, wane ne ba ita ba. In na yi zafi da kalmar ƙwace, hukuncin mutane nake nufi.

Malam Isiyaku:
To madalla, in a nan aka tsaya.

Dakta Sa'adatu (Ohio):
Kowa na ta Merkle, an manta da ɗaya lig ɗin, alhali a can ne zaluncin ya fi fitowa fili. Malam Habibu, wa ya ɗauka a American League a wurinka?

A zahiri Detroit ta ci 90 ta faɗi 63, Cleveland ta ci 90 ta faɗi 64, White Sox 88 da 64. Ku duba da kyau: nasarar Detroit da Cleveland ɗaya ce. Ruwan sama ya hana Detroit wasa ɗaya, ba a rama ba, dokar lokacin ba ta tilasta ba. Da rabin wasa aka ba su kambu. Sai bayan nan aka gyara doka cewa wasan da zai iya sauya zakara dole a rama shi.

Kuma Cleveland ɗin nan su ne suka yi wasan 2 ga Oktoba. Addie Joss, mai jifansu, ya fuskanci mutum 27 na White Sox ya fitar da su duka, ba wanda ya taka ko zango na ɗaya, da jifa 74 kacal. Walsh a ɗaya gefen ya fitar da mutum 15 da jifa zalla, ya faɗi 1 da 0. Ana saura kwana huɗu a rufe kaka, ƙungiyoyin biyu duk suna neman kambu. Joss ya rasu a 1911 yana da shekara 31, bai taɓa buga World Series, karawar zakarun lig biyun, ba. Duk lokacin da na tuna wannan rabin wasan sai raina ya ɓaci.

Malam Habibu (Kano):
Dakta, Cleveland ce ta ɗauka a wurina, don manhajar ta buga wa kowa 154 cif, ba ruwan sama a cikinta. Ty Cobb na Detroit ya yi abin da ya saba, amma masu jifan Detroit ba su kai na Cleveland ba. Wasan Joss kuwa bai maimaitu ba. Ranar 2 ga Oktoba ta zo ta wuce kamar kowace rana.

Baba Alhasan (Bronx):
'Ya'yana, akwai waɗanda ba su cikin tarihin kuma ba su cikin kwamfutar. A 1908 babu baƙar fata ko ɗaya a ƙungiyoyin nan 16. Ba don ba su iya ba, hana su aka yi, kuma haka aka tafi har 1947 da Jackie Robinson ya shiga Brooklyn. A cikin garin Chicago ɗin nan, shekarar nan, Rube Foster na jagorantar Leland Giants, ƙungiyar baƙaƙe, yana jifa da kansa. A ƙarshen shekarar Cincinnati Reds suka je Kyuba, wani baƙin saurayi José Méndez ya yi musu jifa zagaye 25 a jere ba su ci maki ko ɗaya ba. Reds ɗin da suka taimaka wajen karya Giants a Satumba.

To Habibu, in gyaran tarihi kake so, ga inda ya fi buƙatar gyara. McGraw na neman mai jifa na biyu ido rufe, ga su nan a gari, doka marar rubutu ta hana shi ɗauka. Kwamfutarka ta karɓi wannan shingen yadda ta same shi, ko tambaya ba ta yi ba. Ni wannan ya fi ci mini rai a kan taka zango.

Auwalu (Chicago):
Gaskiya ne Baba. Kuma in an ce za a saka su, da waɗanne alƙaluma? Wasanninsu da yawa jaridun Turawa ba su buga ba.

Injiniya Kabiru:
Akwai masu bincike da suka tattaro abin da ya samu daga jaridun baƙaƙe da na Kyuba, ana iya somawa da shi. Sai dai wasannin kaɗan ne, kuma Malama za ta ce mana ƙaramin adadi ba ya riƙe nauyi.

Malama Rakiya (Damagaram):
Zan ce. Amma shi ma Merkle bai kai bugu 50 ba a kakar gaba ɗaya, kuma an loda shi. In an yarda da nasa, a yarda da na Méndez.

Nafi'u:
Baba, shi yaron yaya ya ƙare?

Baba Alhasan (Bronx):
Ya yi wasa shekaru da yawa, ya zama ɗan wasa nagari, har Cubs ɗin ya buga wa daga 1917. McGraw bai taɓa ɗora masa laifi ba. Amma sunan wauta da jaridu suka laƙaba masa ya bi shi har tsufa, ya daɗe yana guje wa filin wasa. Sai 1950 ya koma Polo Grounds a taron tsofaffin 'yan wasa, jama'a suka tashi suka yi masa tafi. Ya rasu a 1956. Shugaban lig ɗin da ya tabbatar da hukuncin O'Day, Harry Pulliam, ya sha zagi daga New York ba kaɗan ba, lafiyarsa ta taɓu, ya kashe kansa a Yulin 1909. Ba na cewa wasan kaɗai ne sanadi, amma nauyin ya hau kansa. Su kuma Cubs suka doke Detroit 4 da 1 a World Series, ba su sake ɗauka ba sai 2016.

Malam Habibu (Kano):
Ga abin da zan yi. Zan bar na'urar ta buga sau dubu kamar yadda Malama ta ce, in mayar da gajiya tsaka-tsaki. Sannan in yi wani gwajin daban: in tsaya a kan tarihi har daren 23 ga Satumba, in ba Giants wasan, in buga ragowar kawai. Amma ina nan a kan bakana, dokar da aka yi shekaru ana kau da kai a kanta, ba a fara zartar da ita a kan ɗan shekara 19 a tsakiyar taron da ya cika fili.

Auwalu (Chicago):
Ni ma ina kan nawa, Yaya. Kuma gwajin naka na biyu akwai gyara: in Giants sun ci ranar, McGraw ba zai jera masu jifansa yadda ya jera ba, Frank Chance manajan Cubs ma haka. Wasan 4 ga Oktoba da Cubs suka doke Pirates 5 da 2 a Chicago, Brown ne ya yi shi. Wa zai zaɓa wa manajojin, kai ko na'ura?

Dakta Sa'adatu (Ohio):
Kafin ku gama wannan, a saka mini nawa. Wasan Detroit da ruwa ya ci, shi kaɗai, a buga shi sau dubu.

Malama Rakiya (Damagaram):
Wannan ko ba na'ura, Dakta. Detroit ta ci kashi 59 cikin ɗari na wasanninta. In abokin karawar matsakaici ne, kusan sau 4 cikin 10 za su faɗi, su koma 90 da 64 daidai da Cleveland, sai a yi wasan raba gardama. In mai rauni ne, ƙasa da haka kaɗan.

Dakta Sa'adatu (Ohio):
To Malam Habibu, a duk inda suka faɗi, ka haɗa su da Cleveland, ka ba Joss ƙwallo, Detroit kuma su zo da Bill Donovan tunda shi ya rufe musu kaka da White Sox 7 da 0. Ka turo mini sakamakon zagaye-zagaye, ba jimilla kawai ba.